Kaset Ɗin da Ba a Ɗaura wa Zare Ba

Zaren ne ya fara ɗaukar idona. Iya, kakata ta wajen uba, ta aike ni ɗakinta na kudu in ɗauko mata kanwa, sai na yi kuskuren murfi, na buɗe babbar kwallar da ke ƙarshen jerenta, wadda ban taɓa ganin an zuba abinci a ciki ba. Ga kaset-kaset cunkus har baki, kowanne an zagaye shi da zare an ƙulle: wani ja, wani kore, wani baƙi da fari a murɗe, wani kuma ɗan tsumman atamfa aka yaga aka ɗaura masa. Hasken taga ya faɗa a kansu, suka yi mini kama da ƙawayen amarya sun gama kwalliya suna jiran mota. Na tsaya ina kallo har Iya ta ɗaga murya daga tsakar gida, ta ce, "Ke, kanwar ce ta kama ki ko ke kika kama ta?"

Yaran yanzu ba za su gane ba sai an yi musu bayani. A wancan zamani idan mutum ya yi nisa, ko ya tafi Makka ya zauna, ko ya bi iyakar Kongolam ya nausa arewa neman abinci, ko ya gangara kudu ci-rani, ba kowa ke iya rubuta wasiƙa ba, kuma ba kowa ke son a kai sirrinsa wurin mai karantawa ba. Sai ya sami rediyo mai kaset ya zauna ya yi magana, ya gaishe da kowa da sunansa, ya faɗi abin da ke ransa, ya ba wani mai zuwa gida. Ranar da kaset ya iso, gida kan cika. A shimfiɗa tabarmi, a kori kaji, a ce wa yara su yi shiru, wanda aka ambaci sunansa ya amsa da ƙarfi kamar mai maganar yana jin sa. Bayan an ji sau biyu ko uku, yawanci sai a yar da shi a kan taga, ko samari su ɗauke su naɗi waƙa a kai. To waɗannan Iya take bi tana karɓa. Ta kai wa mace daddawa ko ƙuli-ƙuli ta ce, "Wancan na ɗanku na Makka, in kun gama da shi ku ba ni ajiya." Ba ta karatu, don haka zare ne rubutunta. Ja na gidan liman, kore na gidan mahauta, tsumman atamfa na wata ƙawarta da aka kai aure Damagaram.

Kowa da abin da yake tarawa a lokacin, kuma ba mu ɗauke shi komai ba. Ƙawayena kwalaben turare suke jerawa a kan kabad bayan turaren ya ƙare, su riƙa buɗewa suna shanshana abin da ya rage. Wani maƙwabcinmu tantabaru yake tarawa, ya san kowace da sunanta, ya fi kula da su fiye da tumakinsa. Ni kuwa kalamai nake tarawa. Littattafan soyayya da muke haya muna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, duk inda na ci karo da zance mai daɗi sai in kwafe shi a wani littafin makaranta mai bango shuɗi, ina jiran ranar da zan sami wanda zan faɗa wa. Na ɗauka Iya ma haka take, tsufa ne ya zo mata da son jin hirar mutane. Bayan azahar takan fito da rediyonta gindin dalbejiyar tsakar gida, ta sa batiran da ta shanya a rana tun safe don su ƙara ƙarfi, ta kwance zare, ta kunna. Muna surfe ko tsintar shinkafa, muryar wani da ya daɗe da rasuwa tana tambayar ko akuyarsa ta haihu. Mata kan zo musamman su ce, "Iya, sa mini muryar mahaifina." Ta laluba ta ciro ba tare da kuskure ba. Takan ce, "Mutum yana tsufa, muryarsa tana nan yarinya."

Abin da ya tuno mini da duk wannan, kwanan nan 'yata ta karɓi wayata ta ce ta cika, shi ya sa take nauyi. Kafin in buɗe baki ta sa babban yatsa ta share saƙonnin murya na shekara guda, ta miƙo mini tana murmushi kamar ta yi mini shara. Ban yi mata faɗa ba, ina zan sami bakin faɗa? Yanzu murya ta yi arha, kowa yana aikawa yana tafe, yana tauna abinci, ba wanda ke yin alwala ya sa riga mai kyau kafin ya yi magana da na'ura kamar yadda mutanen wancan zamani suke yi. Abin da ya yi yawa ba a ɗaura masa zare.

A shekarun da aka dawo da shari'a ne abin ya faru, ina budurwa, an riga an kawo gaisuwata. Mun yi murna da shari'a kamar kowa, hijabai suka ƙara tsawo, kiɗan biki ya ja baya, masallatai suka cika. Babana mutum ne mai ɗaukar abu da gaske. Wata ranar Juma'a ya dawo ya bi ɗaki-ɗaki ya tattara duk kaset ɗin waƙa ya fitar da su daga gidan. Da ya zo ƙofar Iya ya durƙusa ya ce, "Iya, wannan kwallar fa?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗanjuma, waɗannan ba kiɗa ba ne, mutane ne. In za ka fitar da su, ka fara da sallama." Ya sunkuyar da kai ya tashi, ba a sake zancen ba. Amma ni hukuncin bai tsallake ni ba. Zance a ƙofar gida ya koma ranar Juma'a kaɗai, bayan la'asar, a cikin zaure, Baba yana zaune a waje inda tarinsa ke iso mu.

Sabi'u, wanda zan aura, fataucin dabbobi yake yi. Ya sayi raguna da shanu a kasuwar Mai'adua ya bi babbar mota zuwa kudu, ya yi mako uku ko huɗu. Allo ya yi, bai yi boko ba. Na taɓa rubuta masa wasiƙa shafi huɗu daga littafina mai bango shuɗi, ya kai wa abokinsa ya karanta masa a majalisa, aka yi wata guda ana kiran sa "sanyin idaniya" a kara, kasuwar dabbobi. Ya roƙe ni don Allah kada in ƙara. Ga kalamai sun taru a ƙirjina, ga zaure ba wurin faɗinsu ba ne, ga shi zai yi tafiya jibi. Sai tunanin kaset ya faɗo mini. In aika a sayo sabo a shagon ɗan kudun nan mai sayar da batir, kafin magariba labari ya kai kunnen Baba. Kwallar Iya kuwa tana nan, kuma na san a cikin tarin nan ba za a rasa wanda ba kowa a ciki ba.

Ranar da Iya ta fita barkar haihuwa a maƙwabta, sauran mutanen gida suna gona ana yankan gero, na shiga ɗakinta na tura ƙyaure. Na riƙa ɗaga kaset-kaset ɗaya bayan ɗaya, duk da zare. Can ƙasa, a naɗe cikin wani tsohon kallabi, na sami guda ɗaya tsirara, ba zare ba tsumma. Na ce alhamdulillahi, wannan ba na kowa ba ne. Ban yi gaggawa ba, don kada in zalunci kaina, sai da na saka shi na kunna na saurara. Ba komai sai shuuu, kamar iska a cikin kara. Na ƙirga har talatin, shiru. Batir kuma ya fara sanyi, ina tsoron kada ya mutu kafin in gama. Na mayar da shi farko da bututun biro, na buɗe littafina, na gyara murya, na danna jan maɓalli.

Har yau ina iya kawo abin da na faɗa, kuma akwai dalilin da ya sa ban manta ba. "Ya kai sanyin idaniyata, tun ranar da ka ɗaga ƙafa ka bar garin nan, tuwo ya zame mini ƙasa, barci ya yi yaji ya tafi gidansu. In ka ga wata ya fito a can kudu, ka sani ni na aiko shi ya duba mini lafiyarka." Haka na yi ta zubawa, shafi bayan shafi, har da ɗan kukan da na koya a littafi, har kalamai suka ƙare mini kafin kaset ya ƙare. Na kashe, na naɗe shi a leda, na ba Sabi'u a zaure a cikin ƙullin dakuwa.

Kwana biyu bayan haka na ga Iya ta fito da kwallar gaba ɗaya ta juye a tabarma. Ta jera kaset-kaset, ta shafa kowanne, ta mayar. Ta sake juyewa. Ta kakkaɓe kallabin nan ta duba ƙarƙashin gado, ta ɗaga tukwane. Na ce, "Iya, me ya ɓace?" Ta ce, "Allura." Na ce, "Allura a cikin kaset? Ko dai wani tsohon saurayi ne ya gudu?" Da wasa muke da ita kullum, takan rama da abin da ya fi nawa zafi, amma ran nan ba ta ko ɗaga kai ba. Sai na lallashi kaina cewa ba zai zama wancan ba, ai babu komai a cikinsa. Mako uku Iya ba ta fito da rediyo gindin dalbejiya ba. Furarta takan kwana a kwano. Mata suka zo neman muryar iyayensu ta ce kanta ke ciwo. Baba ya kawo mai allura, ya kawo rubutu, ta sha don kada ta ɓata masa rai. Ba ta tuhumi kowa ba, domin kafin ta tuhuma sai ta faɗi abin da ya ɓace, shi ne kuwa abin da bakinta ba zai iya ba.

Sabi'u ya dawo ranar wata Juma'a, ya shigo zaure fuska a ɗaure. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ciro kaset ɗin daga aljihu ya ce ƙasa-ƙasa, "Na ji saƙo, na gode, har direba ya ce in ba shi aro. Amma wane ne ƙaton da ke magana bayan kin gama?" Na ce, "Wane ƙato?" Ya ce, "Ke za ki tambaye ni? Kina yin shiru sai ga namiji yana cewa a gaya wa Ɗanjuma ya kula da gonar fadama kada ya sayar. Wa ke kiran Baba da sunansa haka gatsau?" Tarin Baba da ke waje ya tsaya cak. Sai ga shi a bakin zaure, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙa hannu ya ce, "Maimaita abin da ka ce."

A wurin na ji labarin da aka haife ni a cikinsa ban sani ba. Na san Baba yana da wa, Lawal, ɗan farin Iya, wanda ya bi Kongolam ya tafi neman arziki tun ina goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amma ban taɓa jin Iya ta ambace shi ba, kuma ban yi mamaki ba, domin kunyar ɗan fari a wurin matan wancan zamani ba wasa ba ce: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana zancensa sai ta tashi. In ta kama dole takan ce "mutumin nan." Baba ya ce kaset ɗaya tak ya taɓa aikowa. Ranar da aka kunna shi gida ya cika, Iya ta ɗauki tukwane ta tafi bayan ɗaki tana wanki da ƙarfi don a san ba saurare take ba. Ya ce, "Yaya ya daɗe bai ce uffan ba a farko, har muka zaci kaset ɗin ya lalace. Nauyin baki gare shi, bai san ta inda zai fara ba." Bayan kwana biyu kaset ya ɓace, aka ce yara ne. A shekarar ce kuma Iya ta fara bin gidaje tana karɓar na mutane. Baba ya dubi kaset ɗin a tafin hannunsa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe duk tarin nan rumfa ta yi masa." Tsohuwa mai kaset ɗaya, kowa zai san na wane ne. Mai kwalla guda kuwa ba wanda zai tambaya.

Bai dake ni ba, bai ko zage ni ba. Ya miƙo mini ya ce, "Ke kika ɗauka, ke za ki mayar." Da ya yi mini duka da ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗakin Iya na durƙusa na ajiye a gabanta, na faɗi abin da na yi ina kuka, wannan karon ba na littafi ba. Ta ɗauka ta shafa gefensa da babban yatsa, ta gane shi tun kafin in gama. Ta jawo rediyo ta saka. Na ce, "Iya, bari in tura shi gaba, akwai saura a ƙarshe." Ta buge mini hannu ta ce, "Kul. In aka matsa wa na'urar nan tana cin zaren kaset. Bar shi ya tafi da ƙafarsa."

Haka muka zauna, ni da kakata, muryata tana cika ɗaki da sanyin idaniya da watan da na aika kudu. Na so ƙasa ta tsage. Iya ba ta yi dariya ba, ba ta harare ni ba, idonta yana kan bango. Da na gama zuba sai aka ji ƙas, sannan muryar namiji mai kauri, a tsakiyar magana, ya gama zancen gonar fadama, ya gaishe da mutum biyu ko uku. Sai ya ce, "Ita kuma mai ɗakin kudu, a ce mata bargon da ta ba ni yana nan, da shi nake rufa. Sanyi ake yi a nan ƙwarai. A ce mata ta yafe mini." Kaset ya kai ƙarshe, maɓalli ya ɗago da kansa. Abin da ya rage ke nan daga maganar da ta kusa rabin sa'a. Daga baya na juya ɗaya gefen na saurara tun daga farko har ƙarshe, babu komai a kai. Da na juya shi kawai ran nan, da ni da shi duk mun sami wuri.

Iya ta ce, "To. Ashe mutumin nan bai tafi duka ba." Na warware zare daga bakin zanena na ce, "Iya, bari in ɗaura masa, don kada wani ya sake." Ta karɓe kaset ɗin ta mayar cikin kallabi ta ce, "Zare na wanda ake iya mantawa ne."

Ta warke, ta koma shan furarta, rediyo ya dawo gindin dalbejiya. Har wasa ya dawo tsakaninmu, sai dai yanzu ta sami makami. In na wuce da tsintsiya sai ta ce, "Sannu, mai aiken wata. Barcin ya dawo daga yajin ko a tura biko?" Ranar da za a kai ni gidan Sabi'u a Mai'adua ta riƙe hannuna ta ce a kunnena, "Ki rage masa surutu, na ji irin naki." Mata suka yi ta dariya ba su san tushen maganar ba. Ni kaɗai na san cewa duk lokacin da gida ya yi shiru ta tura ƙyaure, sai ta bi ta cikin shirmena kaf kafin ta isa ga ɗanta. Littafina mai bango shuɗi ban sake buɗe shi ba, ban ma san inda ya ƙare ba.

Shekaru suka tafi, rediyon ya mutu, masu gyara suka koma gyaran waya. Idon Iya ya rufe, sannan tunaninta ya fara zubewa kaɗan-kaɗan, har ta daina gane Baba. Kwallar ta koma hannun jikoki, suka zare zaren cikin kaset-kaset ɗin suka kai gona suka ɗaure a kan sanduna don korar tsuntsaye. Na taɓa wucewa na ga yana walƙiya a saman gero, muryoyin rabin unguwa suna kaɗawa a iska. Wanda ke cikin kallabi kaɗai ya tsira, don yana ƙarƙashin matashinta.

Zuwana na ƙarshe da damina ne, na je da 'ya'yana. Tana kwance ta zama kamar tsinke. Na gaishe ta ba ta san ni ba. Muna zaune sai ta fara magana da wata siririyar murya mai yanga: "Ya kai sanyin idaniyata, tun ranar da ka ɗaga ƙafa ka bar garin nan, tuwo ya zame mini ƙasa." Yara suka toshe baki suna dariya, suna cewa Iya ta tuna saurayi. Ban hana su ba, ban iya ba. Ta kawo shi duka, ba ta tsallake kalma ba, har inda nake jan numfashi, har ɗan kukan. Da ta kai ƙarshe ta yi ƙas da harshenta, ta saukar da murya ta yi kauri, ta ce a gaya wa mai ɗakin kudu bargo yana nan, sanyi ake yi ƙwarai, ta yafe. Ta yi shiru kamar mai jiran a kashe rediyo. Sannan da muryarta ta kanta, a gaban kowa, ta ce, "Na ji, Lawal. Na yafe. Ka rufa har ƙafa."

Kafin a yanke geron shekarar aka kai ta makwancinta.